Yadda motar katakon yaro za ta yi gudu a gasar Pinewood Derby

Ɗan'uwa, ka ce an ba yaronka guntun katako, ƙusoshi huɗu da tayoyi huɗu a Cub Scouts, wato ƙungiyar sikawut ta ƙananan yara, can Amurka, kana tambayar me ke sa wata mota ta tsere wa wata alhali babu inji. Wannan gasa ta Pinewood Derby tun 1953 aka fara ta a Kalifoniya, kuma gangara ce kaɗai ke tafiyar da motar.

Nauyi ne kan gaba. Doka ba ta yarda a wuce oza 5 ba, wato kusan giram 142, don haka ku kai shi daidai iyaka. Ku sa ƙarfen nauyin ta baya, yadda in ka ɗora motar kan yatsa za ta tsaya daidai kamar inci ɗaya gaban tayoyin baya. In ya koma baya da yawa, gaban motar zai riƙa rawa a kan hanya.

Sai ƙusoshin, waɗanda tayoyin ke juyawa a kansu. Duba ƙarƙashin kan kowace, za ka ga ɗan kaushi da ya rage daga masana'anta. Ku goge da samfefa har ta yi sumul, sannan ku zuba garin girafayit, wato baƙin abin nan da ke cikin fensir, don tayoyin su juya da santsi. Mai kuwa, rukunonin Cub Scouts da yawa sun hana shi.

Na ga yaro yana hawaye ranar gasa don fenti ya ƙara wa motarsa nauyi, sikeli ya ƙi ta. Ku sake aunawa bayan fenti ya bushe.

Zarto kai za ka riƙe, ko ka nemi kafinta. Ka karɓi takardar dokoki wurin shugaban rukuninsu kafin ku fara, don sukan bambanta. Gogewa da fenti ka bar wa yaron.