Tambaya da Amsa: Wai da gaske ne a Amurka ana zaɓen alƙali da ƙuri'a?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a warware mun wani abu da ya ɗaure mun kai. Naji ana cewa wai a Amurka alƙalai ma suna fitowa takara kamar 'yan siyasa har da fosta da kamfen, ni kuma abinda na sani shugaban ƙasa ne yake naɗa alƙalan Kotun Ƙoli, to wanne ne gaskiya? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam, duka biyun gaskiya ne, abinda ya rikita ka shine Amurka ba tsarin kotu ɗaya gare ta ba. Akwai kotunan tarayya, su ne shugaban ƙasa ke zaɓo mutum ya tura sunansa majalisar dattawa ta tantance, in ya haye shikenan yana kan kujerar har ya mutu ko ya ajiye da kansa, alƙalai 9 ɗin nan na Kotun Ƙoli duk ta haka suka hau. To bayan su kuma kowace jiha cikin jihohi 50 tana da kundin tsarin mulkinta da dokokinta da kotunanta, kuma a nan ne aikin yake, fiye da kashi 90 cikin 100 na shari'o'in ƙasar a kotunan jiha ake yin su. Kisan kai, fashi, saki da wa zai riƙe yara, gado, bashi, rigimar mai gida da ɗan haya, duk nan ake zuwa.

Yawanci hawa uku ne. Kotun farko inda ake jin shaidu, in laifin babba ne a zaɓo mutanen gari 12 su zauna su saurara su ce ya yi ko bai yi ba, sai kotun ɗaukaka ƙara wadda ba ta sake kiran shaida sai dai ta duba ko an bi doka, sai babbar kotun jiha a sama. Ƙananan jihohi irin su Montana da Wayomin ba su da ta tsakiyar, Teksas da Oklahoma kuwa manyan kotuna biyu ne da su a sama, ɗaya ta laifuka ɗaya ta sauran ƙararraki.

Yanzu batun hawa kujera. A jihohi 39 ana kaɗa ƙuri'a kan alƙalai ta wata fuskar. A Teksas da Alabama ɗan takarar alƙali da tutar jam'iyya yake fitowa, Rifablikan ko Dimokrat, a takardar ƙuri'a ɗaya da gwamna da sanata. A Wiskonsin da Minesota ana zaɓe amma ba a rubuta jam'iyya, duk da kowa ya san wa ke bayan wa. A Bajiniya da Karolina ta Kudu 'yan majalisar jiha ne ke zaɓa, wasu jihohin kuma gwamna ne ke naɗawa. Sai tsarin da Mizuri ta ɗauka a 1940, wani kwamiti na lauyoyi da mutanen gari ya tace masu nema ya miƙa wa gwamna sunaye uku ya ɗauki ɗaya, in mutum ya ɗan jima a kujera sai a tambayi jama'a, ya ci gaba ko ya sauka, babu abokin takara.

Kada ka ɗauka waɗanda suka kawo zaɓen nan ba su da hankali. Misisipi ce ta fara zaɓen duk alƙalanta a 1832, Niyok ta biyo a 1846, dalilinsu kuwa mutane sun gaji da ganin gwamnoni suna raba kujerar alƙali ga yaransu, aka ce to bari talaka ya zaɓa da kansa. Niyyar mai kyau ce, sai dai kamfen kuɗi yake ci, kuma mai ba da kuɗin yawanci lauya ne ko kamfani ko ƙungiyar da gobe za ta tsaya gaban wannan alƙalin. A Bajiniya ta Yamma wani shugaban kamfanin kwal, Don Blankenship, ya kashe kusan dala miliyan 3 a 2004 don Brent Benjamin ya shiga babbar kotun jihar, alhali kamfanin Blankenship ɗin na shirin ɗaukaka ƙara kan hukuncin biyan dala miliyan 50, da shari'ar ta zo aka ce Benjamin ya janye ya ƙi, aka soke hukuncin da 3 da 2 har da ƙuri'arsa. Sai da Kotun Ƙolin Amurka ta ce a 2009 dole ne ya janye, ita ma da 5 da 4. A Wiskonsin zaɓen kujera ɗaya tak a 2025 ya lashe wajen dala miliyan 100, Elon Musk da ƙungiyoyinsa suka zuba sama da miliyan 20 amma ɗan takararsa ya faɗi, Susan Crawford ta ci.

Ni dai in ka tambaye ni, wannan tsarin bai kwanta mun ba ko kaɗan. Aikin alƙali wata rana shine ya yanke hukuncin da gari zai ƙi, ya saki wanda kowa ya tsana saboda babu hujja, to wanda zaɓensa saura wata uku ta ina zai samu wannan ƙarfin zuciyar? Sandra Day O'Connor, mace ta farko a Kotun Ƙolin Amurka, ita kanta ta hanyar zaɓe ta fara zama alƙali a Arizona, amma bayan ta yi ritaya a 2006 ta yi ta yawo tana kira a daina zaɓen alƙalai. Tsarin Mizuri ya fi mun, sai dai shi ma bai tsira ba, a Kalifoniya, inda su ma ake irin wannan ƙuri'ar ta ya ci gaba ko ya sauka, a 1986 jama'a sun sauke alƙaliyar alƙalai Rose Bird da abokan aikinta biyu, babban dalili hukuncin kisa da suke sokewa.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Lokacin da aka samu Trump da laifi naji ana cewa ko ya dawo mulki ba zai iya yafe wa kansa ba, ya za'a yi shugaban ƙasa guda ya kasa? Daga wata mai karatu.

AMSA: Lafiya lau Malama. Ai wannan shari'ar ta jihar Niyok ce, a watan Mayu 2024 aka same shi da laifuka 34 na murɗe bayanan kasuwanci a ƙarƙashin dokar jihar, ikon afuwar shugaban ƙasa kuma a laifin tarayya kaɗai ya tsaya. Laifin jiha sai gwamna ko hukumar afuwa ta jihar, ya danganta da tsarin kowace. Haka ɗan sandan da ya kashe George Floyd, kotun jihar Minesota ce ta ɗaure shi shekara 22 da rabi a 2021, shugaban ƙasa ba shi da ta cewa a wannan hukuncin.

TAMBAYA: To in babbar kotun jiha ta yanke hukunci shikenan an gama, ko ana iya wucewa Washinton?

AMSA: In maganar fassarar dokar jiha ce ko kundin jihar, ta gama magana, Kotun Ƙolin Amurka ma ba ta gyara mata. Sai in akwai batun kundin tsarin mulkin ƙasa ko dokar tarayya a ciki, misali mutum ya ce an tauye masa haƙƙin samun lauya, sannan zai iya roƙon a saurare shi, kuma roƙo ne dai, dubbai ke nema duk shekara amma waɗanda ake karɓa ba sa kai 100.