Ina Sirrin 2,147,483,647?

Tambaya: Malam, makina a wasan waya ya kai 2,147,483,647 ya cije, ya ƙi gaba. Me ke cikin wannan lamba? Daga ɗalibi, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Ɗana, lafiyar wayarka ƙalau (karatu fa?). Jera 2 guda 31, ka ninninka su, ka cire 1, ita za ka samu. Mara ce, kuma ba ta rabuwa daidai sai da 1 ko ita kanta. Masanin lissafi Leonhard Euler ya tabbatar da haka a 1772, babu kwamfuta, abin da har yau yake burge ni. Irinta, da ake samu in an ninninka 2 an cire 1, ana kiransu lambobin Mersenne. Abin da ya sa makinka ya cije: manhaja mai ƙirga da bit 32 (bit gurbi ne mai ɗaukar 0 ko 1), ɗaya na alamar ƙari ko ragi, nan ne iyakarta.