Wai in an rage gwamnati ba za mu fi samun sauƙi ba?

Tambaya: Malam don Allah, mu a Anguwan Rogo mu muka yi karo-karo muka haƙa bohol, mu ke biyan 'yan sintiri, taransfoma ta ƙone mu muka gyara, 'yan siyasa kuwa sai zaɓe ya zo ka gansu da taliya da atamfa. Ƙanina ya ce akwai masu ra'ayin gwamnati ta cire hannunta a komai, gaskiya ne? Maman yara, Jos.

Amsa: Hajiya akwai su, libatariyan ake ce musu. Su dai gwamnati ta riƙe tsaro da kotu, ta rage haraji, sauran a bar wa kasuwa da jama'a. Javier Milei, shugaban ƙasar Ajantina, nasu ne, da ya hau mulki a 2023 ya zaftare ma'aikatu daga 18 zuwa 9. Amma fa cire tallafin mai da Tinubu ya yi a 2023 shi ma irin abin da suke so ne, kin dai ga kuɗin keke daga Bauchi Road yanzu.

Ni dai ban gama yarda da su ba. Bohol kam kun iya, to babbar kasuwar Terminus da ta ƙone tun 2002 fa, karo-karon wace unguwa zai tada ta? Ki tambayi ƙanin naki wannan.