Kaushi da faso a lokacin hunturu: me za a yi a gida da kuɗi kaɗan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Marwa ce a arewacin Kamaru, shekarata 38, ina sayar da abinci a bakin kasuwa, a tsaye nake wuni tun safe har la'asar. Duk shekara da hunturu ya kama sai tafin ƙafata ya yi kaushi, dunduniya ta tsattsage, har zanin gado take kamawa. Nakan sa reza in yanke kantar, amma bayan 'yan kwanaki sai ta dawo. Mayukan famasi sun fi ƙarfina. Don Allah me zan yi a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sa albarka a sana'a. Abu na farko da zan roƙe ki, ki ajiye rezar nan daga yau. Kanta garkuwa ce da jiki ke yi wa wurin da ake yawan takawa ko gogawa. Idan kika yanke ta alhali ana ci gaba da taka wurin kamar da, jiki zai mayar da ita. Kuma hannu ba ya sanin inda matacciyar fata ta ƙare da inda mai rai ta fara. Kuskure kaɗan sai jini, ga ƙura, ga ruwan wanke-wanke, ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa. Tsohuwar reza ko wadda wani ya yi amfani da ita kuwa haɗarinta ya wuce na faso nesa ba kusa ba.

Yana da kyau ki san abin da ke jawo shi. Fatar jiki tana da ƙananan jakunkuna masu fitar da maiƙo, su ne ke sa fuska ta yi sheƙi. Tafin ƙafa ba shi da su, gumi kawai yake fitarwa, ga shi fatarsa na cikin mafi kauri a jiki. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana saukowa daga Sahara a bushe, ta tsotse ɗan danshin da ke cikin fatar. A ƙarƙashin dunduniya akwai wani matashin kitse da ke bajewa gefe duk lokacin da nauyin jiki ya hau kansa. Fata mai laushi tana miƙewa ta bi shi, busasshiya kuwa sai ta dare. Shi ya sa faso ke fitowa a gefen dunduniya, kuma shi ya sa ya fi damun masu wuni a tsaye irin ki, musamman cikin silifas. Majeman Marwa sun san wannan tun da daɗewa: ƙirgin da bai sha mai ba, da an lanƙwasa shi sai ya tsage.

To ga abin yi, kuma da dare ya fi, bayan sallar isha'i, lokacin da kin gama shiga ruwa. Ki zuba ruwan ɗumi a roba, ɗumin da gwiwar hannunki za ta iya jurewa, ki tsoma ƙafafun minti 10 zuwa 15. Kada ki wuce haka, domin daɗewa a ruwa na wanke ɗan maiƙon da ya rage. Kada ki sa omo ko kanwa ko ruwan bilic. Gishiri da lemon tsami da wasu ke ƙarawa ba sa tausasa komai, sai dai su yi raɗaɗi a cikin tsagar. Idan fatar ta jiƙu, ki ɗauki dutsen goge kaushi, wanda ake sayarwa da araha a kasuwa, ki goga a hankali a kan wurin da ya yi kauri kaɗai. Ki tsaya tun kafin ki ji zafi. Sau biyu ko uku a mako ya isa. Yawancin mata a nan suke ɓata aikin, su zauna su dirji ƙafa har ta yi ja don suna son gamawa a dare ɗaya, washegari ta fi da zafi. Dutsen kuma naki ne ke kaɗai, ki wanke shi ki shanya a rana.

Shafa mai shi ne ƙashin bayan maganin, kuma lokacin shafawar ya fi irin man muhimmanci. Mai ba ya ƙara wa fata ruwa, tsare wanda ke ciki yake yi. Don haka da kin tsane ƙafar da tawul, tana da sauran danshi, nan take za ki shafa, ba sai kin gama hira ta bushe ba. Man kaɗanya na asali ya wadatar, kuma muna da shi a yankinmu. Basilin ma yana aiki ƙwarai, babu abin da ya kai shi hana ruwa fita daga fata. Ni na fi son a haɗa su: ki murza man kaɗanya ya shiga, sannan ki ɗora basilin da kauri a kan dunduniya, ki sa safar auduga ki kwanta. In kina da gilisarin, ki ɗiga kaɗan a kan jiƙaƙƙiyar ƙafa kafin man, yana jawo ruwa ya riƙe. Shi kaɗai a busasshiyar fata cikin hunturu ba ya isa. Tsakanin yatsu kuma ki bar shi a bushe, kada mai ya shiga, domin danshi a wurin yana kawo ƙaiƙayi da ɗayewa. Wanke ƙafa da shafa mai kullum ne, ko da daren da ba ki goga dutse ba.

Da rana ma akwai ɗan aiki. Kina alwala, kina wanke-wanke, ƙafa ta jiƙe iska ta busar da ita sau da yawa a wuni, wannan jiƙewa da bushewa tana ƙara kaushi. Ki ajiye ɗan gwangwanin mai a rumfarki, bayan alwala ki shafa kaɗan a dunduniya. Sai takalmi. Silifas na barin dunduniya a waje ta sha ƙura ta baje yadda take so. Ko na gwanjo ne, ki nemi mai rufe baya, mai taushin ciki, ki sa da safa. Ki kuma samu kujera ki riƙa ɗan zama idan ciniki ya lafa.

Idan kin samu hali, akwai man famasi guda da ya cancanci kuɗinsa, wato mai sinadarin yuriya, a jikinsa za ki ga an rubuta urée. Mai kashi 10 cikin 100 na maganin bushewar fata ne, mai kashi 20 zuwa 25 yana narkar da kanta mai kauri. Ki tambayi mafi araha, sunan kamfani ba shi ne magani ba. Yana yin zafi a buɗaɗɗen ciwo, sai ki bari tsagar ta rufe tukuna. Tun da muna ƙasar noman auduga, bari in faɗa a fili: takin yuriya na gona ba na shafawa ba ne. Haka baƙin mai da man birki da gam mai kama roba da wasu ke ɗurawa a faso, duk ki guje su.

Tsagar da ta yi zurfi har tana jini, ki daina tsoma ta a ruwa, ki daina goga mata dutse. Ki wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ki sa basilin, ki rufe da filasta, ki riƙa canjawa kullum. Irin wannan ciwo da ke haɗuwa da ƙasa dalili ne na tambayar ma'aikatan asibiti ko allurarki ta rigakafin tetanus, wato ciwon sarƙewar haƙora, na nan da ƙarfinta.

Za ki fara jin laushi cikin mako ɗaya ko biyu, amma fata tana ɗaukar wajen mako huɗu kafin ta sabunta, sai an yi haƙuri. Idan wata ya cika ba sauƙi, ko tafin yana ƙaiƙayi yana fitar da farin gari, ko farce ya yi kauri ya canja launi, mai yiwuwa cutar fata ce da ke bukatar maganinta daban, sai a duba ki.

Ba ki faɗa mini ko kina da ciwon suga ba, kuma wannan ya dame ni. Ciwon suga yana kashe jijiyoyin ji a ƙafa, mutum ya ƙone ko ya yanke bai sani ba, ciwon kuma ya ƙi warkewa har ya kai ga yanke ƙafa. Mai suga ba ta tsoma ƙafa a ruwa ta daɗe, ba ta goga dutse sai da izinin likita. Ta wanke, ta tsane, ta shafa mai, ta duba tafinta kullum ko da madubi ne. Idan kina yawan jin ƙishi da yawan fitsari, ko ƙafarki na yin dindiris ko zafi kamar barkono da dare, ki je a gwada jininki, ɗan tsini ne a yatsa. Kumburi, ja, ruwa ko wari daga faso kuwa, a ranar za ki tafi asibiti, kada ki jira ki tashi daga kasuwa.