Tambaya da Amsa: Ikon ɗan sanda yana shiga ruwa?

TAMBAYA: Barista, barka da aiki. Ni mai fito ne a wani dam da ke ƙasar Daura, sana'ar da na gada wajen mahaifina. Ran wata kasuwa na gama lodi zan tashi, sai ga 'yan sanda biyu a bakin ruwa. Suka ce in sauke rabin mutane da babur ɗin da na ɗora, suka kuma tambayi rigunan hana nutsewa. Da na yi gardama suka sa aka ɗaure jirgin, sai da sarkin ruwanmu ya sa baki. Ni a sanina ikon ɗan sanda a tudu yake. Wa ya ba su hurumi a kan ruwa?
Daga wani mai fito, Daura.

AMSA: Malam, huruminsu ya kai har inda gorarka ba ta taɓa ƙasa. Sashe na 214 na kundin tsarin mulki na 1999 ya kafa rundunar 'yan sanda guda ɗaya tak don Najeriya baki ɗaya, bai ware tudu da ruwa ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta ɗora masu kare rayuka da dukiyoyi da hana laifi tun kafin a aikata shi. Rundunar ma tana da sashen 'yan sandan ruwa masu sintiri da jirage a wurare irin su Legas da Lokoja. Rashin ganinsu a dam ɗin Sabke ko na Daberam bai rage wa kurtun da ke bakin ruwa komai ba.

Dokokin fito kuwa, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wato NIWA, ce ke fitar da su. An kafa ta a 1997, babban ofishinta na Lokoja, yanzu tana ƙarƙashin ma'aikatar harkokin teku da aka ƙirƙiro a 2023. Abin da take ta nanatawa bai da yawa: ba a hawa jirgi sai da rigar hana nutsewa, ba a lodin da ya wuce ƙima, ba a fito daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. Kana iya cewa an yi wannan doka ne da Neja da Binuwai a rai, ba ruwanmu na dam ba, kuma lauya zai iya jan wannan magana a kotu. Amma ba za ta fitar da kai ba, domin gangancin da ya jawo asarar rai laifi ne a dokar hukunta laifuka ta final kot, ko a kogi ya faru ko a kududdufi. Ɗan sandan da ya ga lodi ya danne jirgi har ruwa na lasar bakin jirgin ba sai ya jira an mutu sannan ya motsa ba.

Kai ka fi ni sanin yadda abin yake. Jirgin katako da aka sassaƙa don mutum goma, a zuba masa ashirin da buhunan gero, a kwantar da babur a tsakiya. Tsakanin bakin jirgi da ruwa bai wuce yatsu huɗu ba, ga yaro ɗaya da ƙoƙo yana kwarfe abin da ke tsattsafowa ta ƙasa. Iska kaɗan ta kaɗa, wata ta tsorata ta miƙe tsaye, kowa ya karkata gefe guda, shi ke nan. Ba labarin nesa ba ne. A watan Mayun 2022, cikin hidimar ƙaramar Salla, jirgi ya kife a ƙaramar hukumar Mai'adua, nan kusa da ku, yawancin waɗanda suka rasu yara ne. Watanni kaɗan kafin nan, a ƙarshen Nuwamban 2021, an yi irinsa a dam ɗin Watari da ke Bagwai ta jihar Kano, da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Shi ya sa, ka yi haƙuri, a maganar sauke lodi ina bayan 'yan sandan nan.

Sai dai ikon yana da iyaka. Suna iya hana ka tashi har ka rage kaya. Suna iya riƙe jirgi in suna zargin an aikata laifi da shi, amma a rubuce, a ofis, ba a ɗaure shi a gindin bishiya ana jiran ka kawo na goro ba. In sun kama ka, dole su faɗa maka dalili, su kuma kai ka kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, kamar yadda sashe na 35 ya tanada. Beli kyauta ne. Tara kuwa ba a bakin ruwa ake yanka ta a cusa a aljihu ba.

Batun riguna na san akwai ciwo. Mai karɓar kuɗin fito ɗan ƙalilan ba zai sayi riga ashirin rana ɗaya ba, kuma in gwamnati ta raba nata, ba kasafai suke isowa ƙananan mashigai ba. Ku zauna da sarkin ruwa da mai gari ku yi adashi, ku sayi na mashigi gaba ɗaya, a ajiye su a rumfa, kowane jirgi ya ɗauka in zai tashi. A kuma ja layin fenti a jikin kowane jirgi. Da ruwa ya taɓa layin, lodi ya ƙare. Da wannan layi gardama ta ragu tsakaninka da fasinja, ta ragu tsakaninka da ɗan sanda.

TAMBAYA: Ɗana ke tuƙa jirgin gidanmu. In wani tsautsayi ya faru, Allah ya kiyaye, ya tsorata ya gudu, ana iya kama mahaifinsa a madadinsa?
Daga wata uwa, Dutsin-Ma.

AMSA: Amin, Hajiya. A'a, dokar 'yan sanda ta 2020 ta haramta kama wani a madadin wani. Amma in jirgin na maigidan ne, ya san yana yoyo ya bari aka ci gaba da ɗaukar mutane, to ana iya tuhumarsa da nasa sakacin. Ki gaya wa yaron kada ya gudu. Ya tsaya a yi ceto, sannan mai gari ya raka shi ofishin 'yan sanda.