Amsar tambayarka kan aikin binciken ƙwayoyin gado a nan Ingila

Salam ƙanena, na ga saƙonka tun shekaranjiya, kana tambaya wai mu da ke nan Kambirij ya ake samun aikin lab, wato ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, ko akwai wanda zan yi wa magana ya saka ka. To gaskiya nan ba haka abin yake ba, ko farfesan da kansa ba zai ɗauki ɗan wansa ba sai an tallata gurbin an zauna intabiyu gaban mutum uku ko huɗu. Alfarmar da mu 'yan gida muke wa juna ita ce mu duba takardunka mu gyara, mu kira ka a waya mu yi ta jefa maka tambayoyi har bakinka ya saba.

Kuma abin da za su tambaye ka ba sakamakon digiri ba ne kawai, hannunka suke so su sani, ka taɓa ciro DNA daga jini da kanka? ranar da PCR, gwajin nan na ninka DNA, ya ƙi fitowa me ka yi? Ni intabiyuna na farko wata mata ta ce in faɗi gwajin da ya taɓa lalace min, na ce babu, don a tarbiyyarmu faɗin kuskure gaban manya kamar zubar da kai ne, wallahi nan take na ga ta aje biro. Su wanda bai taɓa ɓata gwaji ba bai yi aiki ba ke nan.

Wurare kam akwai. Cibiyar Sanger tana Hinxton nan kusa da mu, su suka karanta kusan kashi ɗaya cikin uku na kundin gadon ɗan Adam da aka kammala a 2003, maƙwabtansu EBI, cibiyar Turai mai tattara bayanan halittu, kuma aikinsu duk na kwamfuta ne kuma bayanansu kyauta suke a intanet, don haka tun kana Kano ka dage da koyon yarukan kwamfuta na Python da R, ba sai ka jira biza ba. Amma ka sani yawanci kwantiragi ne na shekara 2 ko 3, in kuɗin bincike ya ƙare sai ka sake nema, wannan shi ke hana masu iyali barci, ran Juma'a in mun haɗu a masallacin Mill Road kusan hirar ke nan.

Tunda ka ce sikila ce ta ja hankalinka saboda ƙanwarka, riƙe ta da kyau, ka rubuta ta a takardar nemanka. A garin nan Vernon Ingram ya gano a 1956 cewa canji ɗaya tak a cikin sinadarin jini ke kawo ta, kuma a Nuwamban 2023 Ingila ta riga kowa amincewa da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayar gadon mai ita, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin mutanenmu alhali Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ciwon, abin na ci min rai sosai. Ka leƙa cibiyar ACEGID mai binciken ƙwayoyin gadon cututtuka masu yaɗuwa da ke Ede a jihar Osun ma ko hannunka zai faɗa kafin ka nemo nan. Turo min takardun ran Asabar, ka gaida Hajiya da mai jiki.