Tambayoyinku: Shin waya za ta iya gaya mini abin da ke cikin abinci da man shafawa?

Saƙonnin makon nan kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato manhajojin nan da ake haska wa zanen layi-layi na jikin kwali, wanda ake kira bakod, su fito wa mutum da bayanin kayan. Na zaɓo biyar daga ciki.

Malam, na ga wani bidiyo a WhatsApp, wata mata a Ingila tana haska wayarta a jikin kwalin biskit, sai wayar ta nuna mata ja ko kore. Wace manhaja ce wannan, kuma za ta yi aiki a kan kayanmu na nan? Ina da yara uku, kullum cikin sayen kayan kwalama nake. (Wata uwa daga Zariya)

Hajiya, Allah ya raya mana su. Bisa yadda kika kwatanta, Yuka ce kika gani. Wasu Faransawa uku ne suka fito da ita a 2017, kuma tana ba kaya maki daga 0 zuwa 100: kore shar ga mai kyau, ja ga wanda take ganin a guje shi. A wajen abinci, kashi 60 na makin daga lissafin sukari da gishiri da kitse da makamantansu yake fitowa, kashi 30 daga sinadaran da aka ƙara don launi ko ɗanɗano ko hana lalacewa, sauran kashi 10 kuma tukuici ne ga abin da aka noma ba da takin zamani da maganin feshi ba.

Amma kafin ki ƙona datarki, bari in warware wani abu da mutane da yawa suka ɗauka a baibai. Zanen nan ba ya ɗauke da bayanin komai. Lamba ce kawai, yawanci mai alƙaluma 13, wadda kike gani a rubuce a ƙasansa. Tun ranar da aka fara amfani da shi a wani kanti a jihar Ohayo ta Amurka a watan Yunin 1974, a kan fakitin cingam, aikinsa ɗaya ne: ya sauƙaƙa wa mai karɓar kuɗi. Manhajar tana karanta lambar, ta aika da ita ta intanet zuwa rumbun bayananta, ta ce "wa ya san wannan?" In akwai wanda ya taɓa shigar da kayan, ki ga bayani. In babu, ta ce ba ta san shi ba. Ba ta leƙa cikin kwali, ba ta shinshina, ba ta ɗanɗana.

Na taɓa nuna wa ƙanwata wannan da ta dame ni da gardama. Na yanko bakod ɗin wani kwalin hatsin karin kumallo da aka kawo mana daga waje, na liƙa shi da salatif a jikin robar da muke zuba omo, na ce ta haska. Nan take waya ta fito da hoton hatsin, da launin kore, har da yabon cewa ba shi da sukari da yawa. Ta dubi omo, ta dubi waya, ta yi shiru.

Ita Yuka, don kasuwannin Faransa da Ingila da Jamus da Amurka da Kanada da irinsu aka gina ta, har ma mai asusun Najeriya kan neme ta a Play Store ya rasa. Wadda nake ba mutanenmu shawara su fara da ita ita ce Open Food Facts. Wani Bafaranshe, Stéphane Gigandet, ya assasa ta a 2012, ƙungiya ce ta sa-kai, ba talla a ciki, kuma rumbunta ya haura kaya miliyan uku. Tsarinta irin na Wikipedia ne, kowa na iya ƙarawa. Ba ta yanke miki hukunci da maki ɗaya kamar Yuka. Takan nuna harafi daga A zuwa E na ma'aunin Nutri-Score, sannan lamba daga 1 zuwa 4 ta ma'aunin NOVA, wanda masana a jami'ar Sao Paulo ta Burazil suka tsara don nuna yawan sarrafawar da aka yi wa abinci a masana'anta. Gyaɗa soyayya tana can ƙasa, lemon kwalba da alewa suna 4.

Da na zaga da ita a wani babban kanti a Kano, cakulan da biskit na waje suna fitowa tun kafin in daidaita hannu, manyan kayan da ake yi a Legas wasu su fito wasu su ƙi, ƙananan kamfanonin gida kuwa shiru. Kilishi da dambun nama da zoɓon gora ba a ma maganarsu. In kin haɗu da wanda babu, ki ɗauki hoton gabansa da na jerin sinadaransa ki tura, minti biyu ne, gobe wata uwar ta amfana.

Ga lissafin da ya fi kowane launi amfani. A teburin da ke bayan kwali, nemi sukari a kowane giram 100 ko mililita 100. Giram 4 shi ne kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Lemo mai giram 10 a mililita 100, in robar rabin lita ce, giram 50 ke nan, cokali goma sha biyu da ɗoriya, kuma wannan shi ne kusan iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya sha a yini guda. Ki auna wannan da cikin yaro ɗan shekara biyar.

An ce duk kayan da lambarsa ta fara da 690 ɗan Chaina ne, wanda ya fara da 615 kuma ɗan Najeriya. Gaskiya ne? Kwastomomi suna mayar mini da kaya saboda haka. (Mai shagon tireda a Maraɗi)

Alhaji, rabin gaskiya ce. Wata ƙungiya mai suna GS1 ce ke raba lambobin, kuma kowane reshenta yana da nasa mafari: 615 na Najeriya, 603 na Gana, 890 na Indiya, 690 zuwa 699 na Chaina. Sai dai mafarin yana nuna inda kamfani ya yi rajistar lambar ne, ba inda aka yi kayan ba. Ɗan kasuwar Legas zai iya ba da aiki a Chaina a buga masa da 615. Ka nuna wa kwastoma wurin da aka rubuta ƙasar da ta yi kayan, ya fi. Kuma lambar ba ta raba jabu da na gaske, domin mai yin jabu da injin buga takarda yake kwafe ta, kamar yadda na yi da robar omo.

Yaya, bikina saura wata biyu. Mai gyaran jiki ta haɗa mini mai, ta kuma sa na sayi wani na kanti. Na haska na kantin da manhaja, ta ba shi maki mai kyau, amma fuskata ta fara ja tana zafi in na shiga rana. Wace manhaja ce ta fi iya gano man bilicin? (Wata amarya daga Kano)

Ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Abu na farko, ajiye mayukan nan biyu a jaka ki tafi da su wurin likitan fata a makon nan, kada ki jira bayan biki. Na ce ki tafi da su ne ba ki zubar ba, domin idan akwai sinadarin siteroyid a ciki, wato wani magani mai ƙarfi na kwantar da kumburin fata, dainawa farat ɗaya kan sa fata ta ƙara tayar da hankali, likita ne zai tsara miki yadda za a janye.

Manhajojin kayan shafa suna da yawa. Yuka ta fara duba su a 2018, kuma tsarinta mai tsauri ne: sinadari ɗaya da ta ɗauka mai haɗari ya isa ya jefa makin ƙasa da 25, ko da sauran duk lafiyayyu ne. INCI Beauty, ita ma ta Faransa, maki 20 take bayarwa, kuma ita na fi so saboda takan bi jerin sinadaran ɗaya bayan ɗaya ta gaya miki aikin kowanne. Think Dirty ta Kanada ma'auninta a juye yake, daga 0 zuwa 10, kuma 10 ne mafi muni, na ga wadda ta yi murna da samun 8. Akwai kuma ta ƙungiyar EWG ta Amurka, wadda kayan kasuwar Amurka ta fi sani. Ki haska mai ɗaya da uku daga cikinsu, ba mamaki ki samu hukunci uku, don kowacce da abin da take tsoro. Kuma dukkansu suna da rauni guda: jerin sinadarai ba ya faɗin adadi, to sai su hukunta ɗigon abu kamar yadda za su hukunta cokalinsa.

Amma matsalarki ta wuce nan. Duk waɗannan manhajoji abin da kamfani ya rubuta suke karantawa. Abubuwa uku da suka fi ɓata fatar matanmu su ne haidurokwinon, da siteroyid mai ƙarfi irin su clobetasol, da makuri, wato zaiba. Turai ta hana sa haidurokwinon a man hasken fata tun 2001, hukumar NAFDAC kuma a 2023 ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Wanda ya san ya zuba haramtaccen abu ba zai rubuta shi a jikin roba ba. Zai rubuta karas, da kurkum, da bitamin C, manhaja ta gani ta tafa masa. Ɗakin gwaji kaɗai ke iya tona wannan. Shi kuwa man haɗi da aka ɗura miki a robar da ba suna ba lamba, babu wayar da ke da abin cewa a kansa. Haka tozalin gargajiya na dutse, wanda aka sha samun dalma a cikinsa.

Abin da za ki iya da idonki: a juya robar a karanta. Ana jera sinadarai ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, sai dai waɗanda ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, su ana iya jera su yadda aka ga dama. Aqua ruwa ne. Butyrospermum parkii, duk tsawon sunan nan, man kaɗe ne da kakanninmu suka sani. Idan kin ga hydroquinone, ko calomel, ko wata kalma da ta fara da mercur, ko suna mai ƙarewa da sone ko sol irin betamethasone da clobetasol, ajiye. Mai ɗin da ya yi alƙawarin fari cikin kwana bakwai ma ya riga ya gaya miki abin da ke cikinsa. In rubutun da Larabci ne ko Faransanci ko Turkanci, Google Lens zai fassara miki daga hoto, har zuwa Hausa, ko da yake Hausar tasa sai da haƙuri.

Ina karatu a Jamus. Manhajar halal da nake amfani da ita kusan komai sai ta ce "mashkuk", wato abin shakka. Har na rasa abin ci. (Wani ɗalibi daga Sakkwato)

Ɗan'uwa, ba laifinta ba ne sosai. Manhajoji irin su Scan Halal da Mustakshif jerin sinadarai suke dubawa, kuma akwai sinadaran da sunansu ba ya nuna asalinsu. Babban misali E471, ɗaya daga lambobin da Turai ke ba sinadaran da ake ƙara wa abinci, wanda ke cikin burodi da biskit da askirim: ana yinsa daga man tsiro, ana kuma yinsa daga kitsen dabba, lambar ɗaya ce. Gelatin na alewa mai danƙo a Turai galibi daga alade ne in ba an faɗi akasin haka ba. E120 jan launi ne daga wani ƙwaro, malamai sun saɓa a kansa, wannan kuma fagensu ne ba nawa ba. Amma kada harafin E ya firgita ka: E300 bitamin C ne, E330 tsamin lemo ne. A kayan shafa ma, cetyl alcohol wani abu ne mai kama da kakin zuma, ba shi da alaƙa da abin maye.

Dabara mai sauƙi a inda kake: nemi tambarin da ke nuna babu kayan dabba ko kaɗan a ciki, wanda ake rubuta vegan, ya kashe maganar kitse da gelatin, sai ka duba batun giya daban. Tambarin wata hukumar halal da aka sani, irin JAKIM ta Malesiya, ya fi hasashen manhaja ƙarfi. In kana son wani kaya sosai, rubuta wa kamfanin imel ka tambayi asalin E471 ɗinsu, sukan amsa.

Wayata ƙaramar itel ce, in na haska sai ta yi ta dishi-dishi. Na sauke wata manhajar sikanin, yanzu talla ke faɗo mini ko ina cikin kira. (Daga Gombe)

Malam, cire ta yanzu. Shiga saitin waya, ɓangaren manhajoji, ka nemo ta ka goge, in ta ɓoye tambarinta a fuskar waya a can za ka same ta. Wannan ba sabon abu ba ne: a farkon 2021 kamfanin tsaro na Malwarebytes ya bankaɗo wata mai suna Barcode Scanner da aka sauke fiye da sau miliyan 10, wadda bayan wani sabuntawa ta koma buɗe wa mutane shafukan talla da kanta, har Google ya cire ta. Manhajar sikanin kamara kawai take buƙata. Wadda ta nemi lambobin mutanenka ko saƙonninka, wani abin take nema.

Dishi-dishin kuma, ƙananan wayoyi da yawa kamararsu ba ta iya daidaita gani a kusa. Goge gilashin da gefen riga, ka ja baya kamar taƙi ɗaya maimakon ka manna wayar, ka tsaya inda haske yake amma ba ya ƙyalli a kan leda. In leda ce ta yamutse, miƙar da ita da yatsa biyu. In duk ta ƙi, buɗe Open Food Facts ka rubuta alƙaluman nan 13 da hannu a wurin bincike, sakamakon ɗaya ne.